AI a cikin Google Docs da Word: ka ba shi gyara, amma kada ka sakar masa alƙalami



Idan kana yawan buɗe Google Docs ko Word ko WPS Office a wayarka, na san ka lura kwanakin nan duk inda ka juya akwai wani sabon maɓalli yana leƙo ka. A wajen Google wani ɗan tauraro ne mai baki huɗu, sunansa Gemini. A wajen Microsoft sunansa Copilot. WPS da Notion ma kowa ya fito da nasa. Tayin da suke maka iri ɗaya ne: faɗa mini abin da kake so, ni in rubuta maka.

Tambayar da ake yawan yi ita ce yaya ake amfani da shi, kuma ya cancanci a biya masa kuɗi? Za mu taɓa duka biyun. Amma bari in ajiye ra'ayina tun farko don ka san inda na dosa. Waɗannan manhajoji gwanaye ne wajen gyara abin da kai ka riga ka rubuta. Idan kuwa ka bar su su ƙirƙiro abin da ba ka ba su ba, to ka shiga haɗari, kuma a kanka haɗarin zai sauka, tunda sunanka ne a ƙasan takardar.

Google Docs dai ba yau ya fara ba. A 2006 kamfanin Google ya sayi wata ƙaramar manhaja mai suna Writely, ita ce ta rikiɗe ta zama Docs. Shekara da shekaru aikinsa bai wuce ya ba ka farar takarda a intanet ba, ka rubuta, ya adana maka, ka tura wa wani ku yi aiki tare. Fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022 ita ta tayar da ƙura. A watan Maris 2023, cikin mako guda, Google da Microsoft kowa ya fito ya ce zai saka irin wannan fasaha a cikin manhajojinsa na ofis. Google ya fara kiran nasa Duet AI, sai a Fabrairu 2024 ya mayar da sunan Gemini. Tun daga nan ake ta ƙari: rubuta takarda daga umarni ɗaya, taƙaita dogon fayil, ƙirƙirar hoto a cikin takarda, har da karanta maka abin da ka rubuta da murya. Yawanci a kwamfuta ake fara sakin waɗannan abubuwa, waya ta biyo baya, don haka kada ka yi mamaki idan abin da ke wayarka ya bambanta da na abokinka.

To ina ne abin yake da amfani na gaske?

A ce kai ne sakataren ƙungiyarku ta 'yan kasuwa, ko ta tsofaffin ɗalibai. An tashi daga mitin, abin da ke hannunka bai wuce 'yan layuka a hargitse ba: mutum 23 suka zo, shugaba ya kawo shawarar kuɗin wata ya koma dubu 2, ma'aji ya ce akwai dubu 148 a asusu, mutum 5 ba su biya ba, maganar shago an ɗage sai zama na gaba. A da, sai ka ɓata awa guda kana jera wannan, ko ka kai shagon buga takardu ka biya. Yanzu ka zuba su a Docs yadda suke, ka haskaka rubutun, ka ce a tsara maka shi a matsayin rahoton taro. Cikin 'yan daƙiƙu ya fito da kanun magana, kowane batu a wurinsa. A Docs akwai zaɓuɓɓuka da aka tanada don wannan: Shorten yana gajarta, Elaborate yana faɗaɗa, Formal yana mayar da magana ta ofis, Bulletize yana jera ta layi-layi. A nan kam kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, ba ni da ja.

Kuma ba sai ka wahala da danne-danne ba. Idan kana da Gboard, ka danna alamar makirfon ka yi magana, ya rubuta. A ƙarshen 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da wannan makirfon yake ji, tare da Yarbanci da Igbo da wasu harsunan Afirka. Yana tuntuɓe, musamman idan akwai hayaniya a wurin, amma ya isa ya kwashe maka tunaninka zuwa takarda kafin ya gudu.

Sai dai ko a wannan aiki mai sauƙi, ka buɗe ido. Koma kan rahoton nan. Kai abin da ka rubuta shi ne shugaba ya kawo shawara. Abu ne mai sauƙi ka ga ya fito da cewa taro ya amince a ƙara kuɗin wata, wani lokacin har da cewa an amince baki ɗaya. Me ya kawo haka? Saboda rahotannin taro da ya koya daga gare su haka yawancinsu suke ƙarewa. Kai kuma ka ga Turanci ya zauna daram, ka tura a guruf ɗin WhatsApp. Gobe wani ya tashi ya ce yaushe aka amince, wa ya ɗaga hannu? Ba wanda zai je ya tuhumi Gemini. Sakatare za a ce ya haɗa baki da shugaba.

Yana da kyau ka fahimci yadda abin yake aiki, domin daga nan komai yake fitowa. Wannan fasaha an ciyar da ita rubutu mai ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. Idan ka ba ta umarni, tana jera kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna ne. Shi ya sa jimlolinta suke da santsi. Shi ya sa kuma idan ta tarar da giɓi, wato wurin da ba ka ba ta bayani ba, ba kasafai take tsayawa ta tambaye ka ba. Cikewa take yi da abin da ya yi kama da gaskiya. Kuma muryar da take faɗin gaskiya da ita, da ita take faɗin ƙirƙira, ba za ka ji bambanci ba.

Yanzu ka auna wannan da mai neman aiki da ya buɗe farar takarda ya rubuta: rubuta mini takardar neman aikin akanta. Bai faɗi makarantar da ya yi ba, bai faɗi inda ya taɓa aiki ba. Abin da zai fito takarda ce mai kyan gani, cike da maganganu irin su ƙwarewar shekaru, da iya jagorantar tawaga, da sanin wasu manhajojin lissafi da shi ko sunansu bai taɓa ji ba. Idan an yi sa'a ya bar gurbin suna da kwanan wata a fili. Sauran kuwa sai mai ido. Ranar intabiyu a ce masa, ka ce ka iya kaza, nuna mana. Shi ke nan, ido ya raina fata.

Akwai kuma wata asarar da ba a cika magana a kanta ba. Mutum ɗari sun nemi aiki ɗaya, hamsin sun ba manhaja umarni iri ɗaya. Mai tantancewa zai karanta buɗewa iri ɗaya sau hamsin. Wadda za ta tsaya masa a rai ita ce wadda ta ce, na riƙe littafin shiga da fitar kuɗi na shagon kayan gini shekara uku, ni nake biyan ma'aikata takwas duk ƙarshen wata. Wannan layin babu manhajar da za ta ba ka shi, kai kaɗai ka san shi.

Kada ka ɗauka sai marasa ilimi abin yake kayarwa. A 2023, wata kotun tarayya da ke New York a Amurka tana sauraron ƙarar da wani fasinja ya yi wa kamfanin jiragen sama na Avianca. Lauyoyinsa suka miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da tsofaffin shari'o'i a matsayin hujja, da sunaye da lambobi, komai tsaf. Da aka bincika, guda shida babu su a duniya, ChatGPT ne ya ƙaga su. A watan Yuni na shekarar alƙali ya ci lauyoyin da kamfaninsu tarar dala 5,000. Kuɗin ba shi ne abin ba, sunan da ya zube ne. An inganta waɗannan manhajoji sosai daga lokacin zuwa yau, gaskiya ne, amma har yanzu su kansu kamfanonin suna rubuta gargaɗi a ƙasan sikirin cewa AI yana iya kuskure, ka duba. Ɗalibin da yake haɗa furojet, ya ce a kawo masa sunayen littattafai da marubuta, ya riƙe wannan labari da kyau. Duk littafin da ba ka gan shi da idonka ba, ko a laburare ko a intanet, kada ka sa shi.

Amma a wajena, abin da ya fi duk waɗannan buƙatar taka-tsantsan shi ne maɓallin taƙaitawa. Shi ne kuma mutane suka fi so, musamman mu masu karatu a waya, da shafi goma yake zama kamar tafiya Makka a ƙasa.

Dalilina shi ne, idan manhaja ta ƙara abin da ba ka ce ba, kana iya kama ta, tunda abin yana gabanka a rubuce. Idan kuwa ta zubar da wani abu, da me za ka gane? Ba ka karanta asalin ba, ai don haka ka ce a taƙaita. A ce an turo maka takardar hayar shago mai shafi shida. Ka danna taƙaitawa, ta ce maka: haya ta shekara biyu ce, kuɗi kaza, ƙananan gyare-gyare a kan mai haya. Duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. Sai dai a shafi na biyar akwai layi guda da ya ce idan ba ka sanar da tashinka wata uku kafin wa'adi ba, kuɗin ajiyarka ya tafi. A lissafin manhaja wannan ƙaramin bayani ne a cikin dogon rubutu. A aljihunka kuwa shi ne kan maganar. Haka takardar bashi, haka sanarwar makaranta mai ɗauke da ranar rufe rajista, haka takardar ɗaukar aiki da ta ɓoye sharaɗin barin aiki a can ƙasa.

Ba ina cewa ka daina taƙaitawa ba. Labari, ko dogon bayanin da kake son sanin ko ya shafe ka, taƙaita abinka. Amma duk takardar da za ka sa wa hannu, ko za ka fitar da kuɗi saboda ita, canza salon tambayar. Maimakon ka ce taƙaita mini, ce masa: nuna mini duk inda aka ambaci kuɗi, da kwanan wata, da wa'adi, da tara, da abin da zai faru idan ɗayanmu ya saɓa, kuma ka kawo mini jimlolin yadda suke a takardar. Daga nan sai ka bi wuraren ka karanta da kanka. Ya zama ya nuna maka hanya, kai ka taka. Idan maganar fili ce ko gida ko kuɗi mai nauyi, bayan duk wannan ma a kai wa lauya.

Na san wani zai ce, malam, kai kana magana ne don ka iya Turanci. Ni da nake jin nauyin rubuta layi biyu zuwa ofis, wannan abin ai rahama ce gare ni. Wallahi na yarda da kai, kuma ina ganin mai irin wannan matsalar shi ya fi kowa cin riba. Mutane da yawa sun san aikinsu ciki da bai, Turancin takarda ne kawai yake tare musu ƙofa. Hanyar da ta fi ita ce ka rubuta duk abin da kake son faɗa da Hausarka, ko da Turancinka na kasuwa, dalla-dalla, da lambobi da sunaye. Sannan ka ce a mayar maka Turancin ofis, ka ƙara da cewa kada a saka komai da ba ka faɗa ba. Idan ya fito, ka bi shi layi-layi. Layin da ba ka gane ba, ka ce ya fassara maka shi, ko ka kai Google Translate, wanda yake da Hausa tun 2013. Layin da ba za ka iya kare shi da bakinka ba idan an tsare ka, goge shi, komai kyansa. Ka ga har yanzu kai ne marubucin, shi tafinta ne.

Rubutun Hausa kuwa, a yi hattara. Gemini na cikin Docs da Turanci ya fara, daga baya aka ƙara manyan harsuna irin su Faransanci da Sifaniyanci da Japananci. Manhajojin hira suna iya rubuta Hausa, amma sau da yawa za ka ji ƙamshin fassara, Turanci ne sanye da babbar riga. Sukan rikita ya da ta, wani lokacin su zubar da lanƙwasar haruffa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: baki daban, baƙi daban, kasa daban, ƙasa daban. Katin gayyatar biki da ya ce ana maraba da manyan baki, ai ka ba 'yan unguwa abin dariya na shekara. Idan kana rubuta Hausa a Docs kuma ka ga jan layi ya cika shafin, ba laifinka ba ne, mai duba kuskuren yana auna ka da Turanci ne. Kada ka bi shawararsa.

Sai maganar sirri, wadda ta fi shafar waɗanda ba su biya kuɗi ba. Tunda Gemini na cikin Docs sai da biya, dabarar da yawancinmu muke yi ita ce mu kwafi rubutu, mu kai manhajar Gemini ko ChatGPT ta kyauta, a gyara, mu dawo da shi mu manna. Dabara ce mai kyau, ba laifi. Amma ka san bambancin. A asusun ma'aikata na Workspace da ake biya, Google ya yi alkawarin ba zai ɗauki takardunku ya horar da fasaharsa ta waje da su ba sai da izini. A manhajar Gemini ta gama-gari kuwa, Google da kansa ya rubuta cewa wasu ma'aikata suna iya karanta wani ɓangare na hirarraki don inganta aikin, har ya ce kada ka saka abin da ba ka son wani ya gani. A 2023 wasu ma'aikatan Samsung sun zuba bayanan sirrin kamfani a ChatGPT don ya taimaka musu, a watan Mayu kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Idan Samsung ya ji tsoro, ina ga kai da jerin sunayen 'yan ƙungiya da lambobin asusunsu a hannunka?

Lambar NIN, BVN, sakamakon asibiti, albashin ma'aikata, sunayen ɗalibai da makinsu, waɗannan amana ce. A Najeriya tun Yuni 2023 akwai dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke kula da ita. Gyaran kuwa ba wuya: kafin ka kwafa, cire sunan ka sa Wane, cire lambar ka sa kaza. Bayan an gyara ka mayar da su da hannunka. A ChatGPT ka shiga Settings, sai Data controls, ka kashe Improve the model for everyone. A Gemini ma akwai wurin kashe adana tarihin hira a sashen Activity.

Abin da yake ɗan ba ni haushi shi ne, hayaniyar AI ta danne wasu abubuwa na kyauta da suka fi amfani ga mai waya. A Docs, danna ɗigo uku na sama ka kunna Suggest changes. Duk gyaran da aka yi zai fito da wani launi, tsohon rubutun yana nan da layi a kansa, sai ka amince ko ka ƙi. Da wannan za ka riƙa ba abokin aiki takarda. Kafin ka bar AI ya taɓa muhimmiyar takarda kuwa, yi Make a copy, ka ajiye asalin gefe don ka gwada su kafaɗa da kafaɗa. Idan ma an riga an ɓata, akwai Version history: buɗe docs.google.com a Chrome, ka zaɓi Desktop site, ka shiga File, za ka ga tsofaffin kamannin takardar da lokacin da aka canza da wanda ya canza, ka dawo da wanda kake so. Akwai Available offline ga wanda sabis ke yi wa wasa ko data ta ƙare. A 2024 an kawo Tabs, wanda yake raba doguwar takarda gida-gida, babi na ɗaya daban, na biyu daban, duk a fayil guda. Sannan idan za ka tura link, ka duba da kyau ko Viewer ka sa ko Editor. Anyone with the link haɗe da Editor yana nufin duk wanda link ɗin ya faɗa hannunsa zai iya canza lambar asusun da ka rubuta.

Batun biyan kuɗi fa? Da Google ya fito da tsarin da ya kawo Gemini cikin Docs da Gmail ga ɗaiɗaikun mutane a 2024, dala 19.99 ya sa a wata, shi ne daga baya aka koma kira Google AI Pro. Microsoft kuwa a Janairu 2025 ya cusa Copilot cikin Microsoft 365 na mutum ɗaya da na iyali, ya ƙara farashi, a Amurka na mutum ɗaya ya tashi daga dala 6.99 zuwa 9.99. Har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Ostireliya ta kai shi kotu a Oktoba 2025, bisa zargin bai bayyana wa mutane cewa akwai tsohon tsari mai rahusa da za su iya zama a kai ba. Ka juya waɗannan kuɗi zuwa naira ko sefa, ka ninka sau goma sha biyu.

Wanda yake fitar da rahoto kullum, ko mai shagon buga takardu, ko malamin da yake tsara darasi da jarrabawa, wataƙila ta biya shi, don rashin yawon kwafa da mannawa ma riba ce. Wanda kuwa takarda biyu ko uku yake rubutawa a wata, ban ga dalili ba, na kyauta ya ishe shi. Idan an ba ka gwajin kyauta kana son ɗanɗanawa, gwada shi da takardar da ka san cikinta sarai, ka ce ya taƙaita, ka ga me ya zubar. Kuma ka tuna yawancin gwajin nan sai ka sa katin banki, ranar da ya ƙare za a cire kuɗi ba sallama. Idan ta Play Store ka shiga, danna hotonka a sama, sai Payments & subscriptions, sai Subscriptions, a nan za ka ga ranar cirewa da wurin sokewa. Sa ƙararrawa a wayarka kwana biyu kafin ranar.